Ruwa ba ya tsami banza: abin da na gani a ruwan lakar 'yata bayan dashen ɓargo

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana a kan wani abu da ba kasafai ake ganin irinsa a shafin wasiƙu ba. Ni ba likita ba ce, ban kuma taɓa aikin jinya ba. Uwa ce da ta shafe shekaru tana safa da marwa a sashen yara masu sankarar jini, har ta kai in an miƙo mini takardar gwajin ruwan laka na san layin da idona zai fara sauka a kai.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata baiwar Allah da muka zauna benci ɗaya da ita a watan jiya, ranar da na kai 'yata a duba ta. An yi wa ɗanta dashen ɓargo wata huɗu da suka wuce, kuma kwana uku ke nan yana kukan ciwon kai yana amai da safe. Likita ya ce sai an ɗebi ruwan bayansa. Ta fito tana huci, ta ce da ni, "'Yar'uwa, wallahi ba za a ƙara huda bayan yaron nan ba. So suke su gurgunta mini shi." Na buɗe baki in ba ta magana, sai na yi ta kame-kame, na rasa ta inda zan fara. Ta saɓa ɗanta ta fita. Har yau ban sake ganinta ba, kuma abin yana cina. Abin da na kasa faɗa mata a bencin nan shi zan faɗa a nan, ko Allah zai sa ta gani, ko wata mai irin damuwarta.

An ɗebi ruwan bayan 'yata sau 43. Ina da littafin da nake rubutawa, kowane da ranarsa da sakamakonsa. Yau tana tsallen igiya.

Da farko akwai ruɗanin da ni kaina na yi wata da watanni a cikinsa: laka daban, ɓargo daban. Ɓargo yana cikin ƙashi, shi ne masana'antar jini, kuma a nan sankarar take tsirowa. Laka kuwa igiyar jijiya ce da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya. Ita da ƙwaƙwalwa suna zaune ne cikin wani ruwa garai-garai, wanda in ka gan shi a 'yar kwalba ba ka raba shi da ruwan sama. Jikin babban mutum yana riƙe da kimanin mililita 150 na wannan ruwa, yana kuma yin sabo kusan mililita 500 kowace rana, wato ana sauya shi sau uku ko fiye kafin gari ya sake wayewa. Abin da likita ke ɗiba bai fi ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ba. Kafin yaro ya gama barcin da aka sa shi, jiki ya fara mayar da gurbinsa.

Batun gurguncewa kuma, wata nas ce ta warware mini shi da hoton ƙashin baya da ke manne a bangon ɗaki. Laka ba ta kai har ƙugu ba. Tana ƙarewa ne a wajen gaɓa ta ɗaya ko ta biyu cikin gaɓoɓi biyar na ƙasan baya. Allurar kuwa tsakanin ta uku da ta huɗu ake saka ta, ko ta huɗu da ta biyar. A wurin ba laka, sai siraran jijiyoyi da ke lilo cikin ruwa, waɗanda masana suka kira wutsiyar doki saboda kamarsu, kuma kaucewa suke yi in allura ta matso. Ba sabon abu ba ne ma: wani likita Bajamushe, Heinrich Quincke, shi ya fito da hanyar tun 1891.

To daga ina tsoron ya samo asali? A ganina, yawanci ba a ɗibar ruwan baya sai ciwo ya yi tsanani, kamar a sanƙarau. Cutar ta yi ɓarnarta, laifi ya hau kan allura. A wajen masu sankarar jini ma akwai ƙarin dalili. Akwai wani magani, binkiristin, da ake ba su ta jijiyar jini, wanda ke raunana jijiyoyin ƙafa. Lokacin da 'yata ta fara jan ƙafa tana tuntuɓe a fili, kowa a dangi ya ce ai ga abin da ake gudu, allurar baya ce. Da aka rage wancan maganin ƙafar ta dawo, alhali ba a fasa allurar bayan ba. Ba na cewa babu wahala ko kaɗan. Akan yi ciwon kai ko ciwon baya na kwana ɗaya ko biyu. Maganin da ake zubawa cikin ruwan ma yakan sa wasu yara wani rauni mai kama da shanyewar ɓarin jiki mako ɗaya ko biyu bayan allurar, wanda galibi yakan washe. Kuma likitan kirki ba ya soka allura sai ya duba cewa ƙwayoyin da ke daskarar da jini ba su yi ƙasa ainun ba, kuma babu wani kumburi mai danna ƙwaƙwalwa.

'Yata tana da shekara huɗu aka gano cutar, irin wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ALL, wadda ta fi kowace sankara yawa a yara. Na tambayi likita me ya haɗa ciwon jini da baya. Ta ce tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai wata katanga da Allah ya gina don kada guba ta shiga, sai dai katangar ba ta bambance guba da magani. Ƙwayoyin sankara sukan tsallaka su laɓe a can, kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, da ake bayarwa ta jijiya kuma yawancinsa ya tsaya a waje yana leƙe. A shekarun 1960, da magunguna suka fara korar cutar daga jini da ɓargo, sai aka ga fiye da rabin yaran da suka samu sauƙi ta sake ɓullo musu ta ƙwaƙwalwa. Donald Pinkel da abokan aikinsa a asibitin St. Jude da ke Memphis a Amurka suna cikin waɗanda suka nuna cewa dole a bi ta har maɓoyarta tun ba ta nuna kanta ba, da gashin kai, wato gasa kai da hasken na'ura mai kashe ƙwayoyin sankara, da kuma zuba maganin metotirezet kai tsaye cikin ruwan laka. Yau a ƙasashen da suka wadata da kayan aiki, kusan tara cikin goma na yaran nan suna rayuwa.

'Yata ta faɗa cikin waɗanda ba su tsira a zagayen farko ba. Saura 'yan watanni a kammala magani, aka ɗebi ruwa kamar yadda aka saba, tana wasanta, ba ciwon kai, ba komai. Sakamako ya fito da fararen ƙwayoyi 38, kuma da aka shimfiɗa su a gilashi aka duba, ɗanyun ƙwayoyin sankara ne, waɗanda a sashen kowa ke ce wa bilas. Gwajin jininta na wannan makon lafiya lau yake. Da na hana a taɓa bayanta ranar nan, da sai cutar ta gama shimfiɗa tabarma kafin mu farga. Daga baya aka same ta a ɓargo ma, aka ce mafita ita ce dashe.

Aka gwada 'yan'uwanta. Kowane ɗan'uwa na uwa ɗaya uba ɗaya yana da damar ɗaya cikin huɗu ta dacewa, kuma yayanta, mai shekara goma sha ɗaya a lokacin, ya dace. Daga ƙashin ƙugunsa aka zuƙi ɓargon yana cikin barci, ba a je kusa da lakarsa ba. Ita kuma aka share nata ɓargon da gashin jiki gaba ɗaya da kemo mai ƙarfi, sannan aka rataya nasa a leda kamar ƙarin jini ya bi ta jijiya. Na tsaya ina kallon ledar nan ina mamakin wai wannan ne aikin da ya sa aka ba Donnall Thomas kyautar Nobel a 1990. Ranar ita ake kira rana ta sifili, daga nan ake fara lissafi.

Bayan dashe ne karatun ruwan laka ya zama wani abu daban, kuma nan ne gundarin wasiƙata. Kafin dashe tambaya ɗaya ce: akwai bilas ko babu? Bayan dashe kuwa masu iya taɓa ruwan nan sun yi yawa. Akwai gashin da aka yi, akwai magungunan da aka zuba a ciki shekara da shekaru, akwai magungunan danne garkuwar jiki, akwai ƙwayoyin cuta da ke samun ƙofa a buɗe, ga kuma sabuwar garkuwa ta wani mutum da ke zagaya jiki tana koyon hanya. Lambobi uku nake bi a takarda. Fararen ƙwayoyi, waɗanda bai kamata su wuce 5 a maikurolita ba. Furotin, wanda yakan tsaya tsakanin miligiram 15 da 45 a desilita. Sai sukari, wanda yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na wanda ke cikin jini. Kowace a cikinsu tana iya motsawa, kuma motsin ba ma'ana ɗaya gare shi ba.

Rana ta 26, da asuba, ta ce, "Umma, kashe fitilar nan, kaina zai fashe." Can kuma ta ce ba ta ganina sosai. Kafin nas ta iso jijjiga ta kama ta. Jininta ya hau irin hawan da ban san yaro yana yi ba. Aka yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI, aka ƙara mata ƙwayoyin daskarar da jini, sannan aka ɗebi ruwa. Furotin ya kai 88, amma ƙwaya 2 kacal, sukari daidai. Na ga 88 ɗin nan na ce shi ke nan. Babbar likitar ta zaunar da ni ta ce furotin shi kaɗai ba ya nuna sankara. Yana nuna katangar nan ce ta ɗan yi yoyo. Hoton ya nuna kumburi a ƙeyar ƙwaƙwalwa, wajen da ke kula da gani. Sunan abin PRES, kuma maganin saikulosforin da ake ba ta don kada ɓargon yayanta ya far wa jikinta shi ne ya jawo, tare da hawan jinin. Aka sauko da jinin, aka canza maganin. Kwana biyar tana karanta rubutun da ke jikin ledar ruwa.

Na tambaya, tunda hoto ya nuna, me ya sa sai da aka soke ta? Amsar ta zauna mini. A makonnin nan na farko akwai wani bairos, HHV-6, wanda kusan kowa ya taɓa kamuwa da shi tun yana jariri, ya kwanta a jiki shiru. In garkuwa ta faɗi yakan farka ya kama ƙwaƙwalwa, yawanci tsakanin mako na biyu da na shida, yaro ya rikice, ya riƙa manta abin da aka faɗa masa yanzu-yanzu, wani lokaci har da jijjiga. Yana da magani, amma a ruwan laka ake kama shi, da gwajin da ke neman ƙwayar halittarsa. Wani abin tsoron kuma shi ne, yaron da ba shi da fararen ƙwayoyi a jini ba shi da waɗanda zai tura cikin ruwan, don haka yana iya ɗauke da sanƙarau ko cutar fangas alhali lissafin ƙwaya ya fito tas. Ashe a wannan lokaci ƙaramar lamba ma ba ta isa a saki jiki ba.

Wanda ya fi girgiza ni ya zo ne a wata na biyar. Saboda cutar ta taɓa shiga ƙwaƙwalwarta, likitocinta suka ci gaba da zuba mata magani ta baya lokaci-lokaci bayan dashen. Ranar wata Alhamis aka ɗiba. Washegari da yamma wani matashin ma'aikaci ya miƙo mini takarda a tsaye, ya ce, "Mama, an ga ƙwayoyi fa, sai Litinin babbar likita za ta yi muku bayani," ya juya. Ƙwaya 14. An kuma rubuta cewa wasu daga ciki kamanninsu ba su saba ba. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Ni da na taɓa ganin 38 ta rushe mana shekara biyu na wahala, me kake jin 14 za ta yi mini? Kwana uku ban runtsa ba. Mahaifinta ya daina magana. Ita kuwa tana ta zanenta, tana tambayar me ya sa idona ya yi ja.

Ba na riƙe yaron nan a zuci, wataƙila shi ma ba a koya masa ba. Amma ina roƙon masu aikin asibiti, in ba za ku iya tsayawa ku yi bayanin minti biyar ba, ku riƙe takardar har mai bayanin ya zo. Rabin labari a irin wannan wuri azaba ce.

Ranar Litinin likitar ta ce a yi haƙuri tukuna. Farar ƙwaya mai lafiya, in wani abu ya tsokane ta, takan kumbura ta yi kama da bilas a idon mai duba gilashi, har gwani yakan yi shakka. Don haka an tura ruwan gwaji biyu. Na farko wata na'ura ce da ke bi da ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya ta gaban haske tana karanta tambarin da ke jikin kowace; tambarin sankarar 'yata kuwa an san shi tun ranar farko. Na biyun shi ne wanda ba zan manta ba. Tunda mai bayarwa namiji ne, mai karɓa mace, sai a duba kuromosom, wato alamar halitta da ke cikin kowace ƙwaya, wadda ke bambance namiji da mace: ƙwayar da ta fito daga jikin 'yata, har da ta sankarar, X biyu gare ta, ta yayanta kuwa X da Y. In jinsinsu ɗaya ne akwai wasu alamomin halitta da ake bambancewa da su, amma mu namu ya zo da sauƙi.

Ranar Laraba ta kira mu. Babu tambarin sankara ko ɗaya. Ƙwayoyin manya ne, lafiyayyu, kuma suna ɗauke da Y. Sojojin yayanta ne suka tsallaka katangar nan suka shiga sintiri a wurin da cutar ta taɓa ɓuya. Likitar ta fi karkata ga cewa maganin da aka zuba a baya ne ya ɗan fusata rigar da ke lulluɓe da laka, su kuma suka amsa kira. Gwajin ƙwayoyin cuta bai nuna komai ba. Bayan mako biyu aka sake ɗiba, 6. Bayan wata guda, 3.

Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne. Sai dai abin da ke tsamar da shi ba guda ɗaya ba ne, kuma ba a gane shi da ido ko da zato. A yaro ɗaya, cikin wata biyar, na ga lamba ta tashi saboda maganin da ake sha, na ga ta tashi saboda maganin da ake zubawa, kuma kafin nan na ga ta tashi saboda cutar kanta. A waje duk kamarsu ɗaya: ko ciwon kai da amai, ko ma babu alamar komai. Ɗan matar nan ta benci zai iya kasancewa kowanne daga ciki, kuma kusan kowanne akwai abin da ake yi masa in an gano da wuri.

Akwai 'yan abubuwan da na koya da wuya, waɗanda zan so iyaye su riƙe. Ku tambaya ko jini ya gauraya da ruwan wajen ɗiba, domin in allura ta taɓa ƙaramar jijiya, jajayen ƙwayoyi sukan shigo da farare tare da su, lissafi ya ɓaci. Za ku ga ruwan ya yi ja-ja maimakon garai. Ku tambaya ko an kai shi ɗakin gwaji nan take, don ƙwayoyin sukan fara lalacewa cikin 'yan awoyi. In an zuba magani, a bar yaro ya kwanta a miƙe kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, kada a ɗauke shi don yana kuka. Kuma kada a raina sabon ciwon kai, amai da safe, gani biyu-biyu, karkacewar baki ko ido, yawan barci, ko yaro ya fara mantuwa ko sauya hali. Uwa ce ke fara ganin waɗannan, tun kafin kowace na'ura.

Ba zan ɓoye ba, an biya farashi. 'Yata ba ta da saurin da take da shi da. Lissafin da ƙawayenta ke gamawa a minti goma, ita sai ta yi ashirin, kuma hankalinta yakan yi yawo in aji ya yi hayaniya. Likitoci ba su ɓoye mana ba cewa gashi da metotirezet sukan bar tabo a farin sashen ƙwaƙwalwa, musamman a ƙananan yara. Shi ya sa aka yi ta neman hanyar rage gashin kai, har a 2009 likitocin St. Jude ɗin nan suka wallafa sakamakon da ya nuna ana iya jinyar sabbin masu cutar ba tare da shi ba, in an kyautata maganin da ake zubawa ta baya. Wato allurar da muke gudu ita ce ta ceci dubban yara daga gashin. Mu namu ya riga ya wuce wannan matakin, sai muka roƙi malamanta su sa ta a layin gaba su kuma ƙara mata lokaci a jarrabawa. Tana tafiya, a hankali.

Yayanta ne kawai ya ɗauki abin da girman kai. Tun ranar da ya ji cewa ƙwayoyinsa aka samu a ruwan kanta, in suka yi faɗa sai ya ce ta bi shi a hankali, shi ne mai gadin ƙwaƙwalwarta. Ita kuma ta ce to ai shi ya sa lissafi ke ba ta wuya.

Shafin ƙarshe da na rubuta a littafin nan layi ɗaya ne: na 43, ruwa garai, ƙwaya 1, furotin 31, babu bilas. Sauran shafukan na ba ta, ta cika su da zanen dawakai.

Na gode, Edita. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Taku,
Wata uwa mai 'ya'ya uku